Rububin Neman Wanda Ya Fara Fim

A 'yan shekarun nan an shiga yayin tono sunayen da aka binne a tarihin sinima. A 2015 aka fitar da fim ɗin The First Film kan Louis Le Prince, Bafaranshen da ya ɗauki hoto mai motsi na 'yan daƙiƙoƙi a wani lambu a birnin Leeds na Ingila a 1888, ya hau jirgin ƙasa a Dijon a Satumbar 1890, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 2018 kuma aka yi Be Natural kan Alice Guy. Wannan aikin tono sunaye ya yi mini daɗi. Abin da ke damuna shi ne yadda kowa ke ƙoƙarin naɗa wa gwaninsa rawanin "na farko".

Wannan rawani ba ya zama a kan mutum ɗaya. An saba cewa 'yan'uwan Lumière ne suka fara nuna fim ga masu biyan kuɗi a Paris ranar 28 ga Disamba 1895, alhali 'yan'uwan Skladanowsky sun riga su da kusan wata 2 a Berlin. Na'urar fim da ke ɗauke da sunan Edison kuwa, ma'aikacinsa William Dickson ne ya sha wahalar haɗa ta.

A nan zaluncin yake, wato jingina aikin wani ga wani, kuma labarin Alice Guy ya fi nuna shi. Sakatariya ce a kamfanin Gaumont, ta zama mai kula da shirya finafinan kamfanin har 1907. Finafinan wancan zamani ba sa ɗauke da sunan darakta, tambarin kamfani kawai ake gani. Da marubuta tarihi suka zo daga baya, sai suka ɗauki babban fim ɗinta na 1906 kan rayuwar Annabi Isa suka jingina shi ga Victorin Jasset, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta. Yau kuma ana ta ja-in-ja kan ko a 1896 ta yi fim ɗinta na farko ko a 1900. Wallahi ni wannan bai dame ni ba. Ko da ta goma ce a jerin masu farawa, haƙƙinta ne a kira aikinta da sunanta.

Da masu bincike za su ji shawarata, da sun rage neman zakara, sun duƙufa kan kundayen kamfanoni da takardun albashi, su fito da wanda ya riƙe kyamara da wanda ya tsara labari. Alice Guy ta yi wannan neman da kanta, ta ƙare tsufanta tana cigiyar finafinanta, ta rasu a 1968. Littafin tarihin rayuwarta bai fito ba sai 1976.