Gajere: Shekarun Makami da Shekarun Labarinsa

A littafinsa Nigerian Panoply (1964), A. D. H. Bivar ya nazarci Gajere, makamin da tarihin baka ya ce da shi Korau ya yanka Sanau ya hau gadon Katsina, ya kuma duba rubutun Larabcin da ke jikinsa. Mun yaba, amma da sauran magana. Salon rubutu zamanin ƙira yake nunawa, ba ranar shigowar makami ƙasar Hausa ba. Kuma duk wanda ya shiga Zariya ta Ƙofar Doka ya zauna da maƙera da dukawa, ya san akan sake wa tsohuwar wuƙa ƙota da kube. Saboda haka wajibi ne mu auna ruwan wuƙa daban, ƙota daban, kube daban, kafin mu ɗora tarihin sarauta a kansu.