Ƴan Littattafan Kalmomin Turanci na Bakin Masallaci: A Saya ko A Bari?

Duk mai zuwa Juma'a a zangonmu na Kumasi ya san ƴan littattafan nan da ake shimfiɗawa a tabarma, kusa da carbi da turare: kalmar Turanci a hagu, ma'anarta da Hausa a dama, shafi bayan shafi. Iyaye na saye saboda yaran da za su rubuta BECE da WASSCE. Na sayi guda, na zauna da shi mako biyu, kuma ga abin da na gani.

Alherinsa dai ba a ɓoye yake ba. Yana da araha, yana shiga aljihu, kuma ɗalibin da ya saba hadda zai kwashe shafi guda tsakanin Magariba da Isha'i. Sunayen abubuwa kamar ƙofa, rijiya, kasuwa, duk daidai suke.

To, matsalar ita ce kowace kalma ma'ana ɗaya tak aka ba ta, ba jimla ko guda. Dubi fast. An rubuta “sauri”, shi ke nan. Yaron da ya haddace haka, in malamarsa ta tambaye shi da Turanci ko yana azumi, sai ya yi zuru, don da wannan kalmar ce ake faɗin azumi. Pray kuma an ce “salla”, alhali Bature in ya faɗe ta galibi addu'a yake nufi. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce interest. Littafin ya ce “sha'awa”. Gaskiya ne. Amma a takardar banki ma'anarta kuɗin ruwa, wato ribar da Allah ya haramta a Suratul Baƙara. Ka ga mutum zai iya sa hannu a kan abin da bai gane ba, yana ganin ai ya san kalmar.

Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Malamanmu na zaure ba haka suka koyar da lugga ba. Wanda ya karanta Maƙamatul Hariri, maƙama 50 ɗin nan, ko Ishiriniya, ya san kalma a cikin jimla ake ɗaukarta, malam na fassarawa yana nuna inda ta zauna. Ɗalibi ya san ainun ido ce, kuma marmaro ce, kuma ɗan leƙen asiri ce, sai jimla ta raba gardama. Yaya za mu yi wa Larabci wannan adalci mu hana wa Turanci?

Da na kwatanta shi da ƙamus ɗin Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman, wanda aka buga a Amurka a 1990, bambancin a fili yake. Ita tana rarraba ma'anoni, tana kawo misalin amfani. Sai dai shi ma yana da nasa: don masu jin Turanci da ke koyon Hausa aka tsara shi, shi ya sa aka sa alamun karin sauti a kan Hausar, yaranmu kuwa furucin Turancin suke nema. Ga tsada, ga wuyar samu a nan. Na Neil Skinner, Kamus na Turanci da Hausa na 1965, don Hausawa aka yi shi, amma ya tsufa. Kada ka nemi intanet a ciki.

Ban ce a jefar da ɗan littafin ba. Wanda ya riga ya saya, ya samo littafin rubutu, duk kalmar da ya haddace ya nemo ta a littafin makarantarsa ko a jarida, ya kwafe jimlar gaba ɗaya. Kalma biyar a rana ta isa. Kwamitin makaranta kuma, don Allah, a sayi ƙamus mai misalai ko guda biyu ne, a ajiye a ofishin liman inda ɗalibai za su riƙa dubawa bayan La'asar.