Harshen Aro da Sarautar Jamus: Tarken Littafin Der Untertan na Heinrich Mann

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tarke ce a kan ƙagaggen labarin Der Untertan na marubucin Jamus Heinrich Mann (1871-1950). Manufarta ita ce ta nuna cewa ƙarfin littafin yana ga yadda ya kama harshen zamanin sarauta, rauninsa kuwa yana ga yadda ya tsuke hoton al'ummar da ta kawar da wannan sarauta. Kalmar Untertan tana nufin mutumin da ke ƙarƙashin ikon sarki, wato abin da Bahaushe ke nufi da "talakan sarki", ko da kuwa mai dukiya ne.

2.0 Zamanin Littafin

An kafa Daular Jamus a shekarar 1871, kuma Wilhelm na II ya hau gadon sarautarta a 1888. Daular tana da majalisa wadda duk namijin da ya kai shekara 25 ke da ƙuri'a a zaɓenta, amma sarki ne ke naɗa shugaban gwamnati, shi ne kuma ke sauke shi, kamar yadda ya yi wa Bismarck a 1890. A cikin wannan yanayi aka gina labarin. An fara buga shi kashi-kashi a wata mujalla a 1914, sai ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko ta sa aka dakatar. Bai fito a matsayin littafi ga jama'a ba sai a Disamba 1918, 'yan makonni bayan faɗuwar sarautar a ranar 9 ga Nuwamba.

3.0 Jigo da Salo

Tauraron labarin, Diederich Hessling, ɗan mai masana'antar takarda ne a wani ƙagaggen gari mai suna Netzig. Jigon littafin shi ne halin mutumin da ke durƙusa wa na sama, ya kuma taka na ƙasa. Hessling yana yabon soja, amma ya yi dabara ya zille wa aikin soja. Yana wa'azin mutunci, amma ya yaudari yarinyar da ke ƙaunarsa, ya auri mai kuɗi.

Abin da ya fi dacewa da hankalin masana harshe shi ne salon da aka isar da wannan jigo. Hessling ba shi da maganar kansa. Duk sa'ad da ya buɗe baki gaban ma'aikatansa ko abokan shan giyarsa, kalmomin jawaban sarki yake arowa, kamar yadda ya ari fasalin gashin bakinsa. Ƙololuwar wannan zambo ita ce inda wani soja mai gadi ya harbe wani ma'aikaci, sai Hessling ya ƙaga waya da sunan sarki tana yaba wa sojan, ya miƙa wa ɗan jarida. Maimakon a ƙaryata ta, sai aka tabbatar da ita daga Barlin. Ke nan bakin talaka da na sarki sun zama ɗaya, har ba a iya bambance asali da kwaikwayo. Haka nan shari'ar da ta karya zuriyar dattijo Buck, ɗan gwagwarmayar 1848, a kan furuci aka yi ta: an tuhumi surukinsa Lauer da ɓatanci ga sarki, Hessling kuwa ya ba da shaida. Da wannan marubucin ya nuna cewa sarautar tana zaune a harshen talakawanta kamar yadda take zaune a fada.

4.0 Raunin Littafin

Duk da haka, zambo yana da iyaka. Fitaccen wakilin ma'aikata a labarin shi ne Napoleon Fischer, ɗan jam'iyyar SPD, wanda ya ƙulla cinikin siyasa a ɓoye da Hessling don biyan buƙatarsa. Mai karatun da ya dogara da wannan hoto ba zai fahimci yadda jam'iyyar ta zama mafi rinjaye a majalisa a 1912 da kujeru 110 cikin 397 ba. Ba zai kuma gane inda aka sami mutanen da suka fita zaɓen 19 ga Janairu 1919 ba, wanda mata suka kaɗa ƙuri'a a cikinsa, ko waɗanda suka karya yunƙurin juyin mulkin Kapp da yajin aikin gama-gari a Maris 1920. A ƙarshen labarin, abin da ya tarwatsa manyan gari a bikin buɗe gunkin Wilhelm na I shi ne hadari da ruwan sama. Marubucin ya ɗora wa sama aikin da, a tarihi, sojojin ruwa da ma'aikata suka yi a 1918.

5.0 Kammalawa

An daɗe ana karanta Der Untertan a matsayin hasashen abin da ya auku a 1933, shekarar da Mann ya yi gudun hijira aka kuma ƙone littattafansa. Akwai hujja ga wannan karatu, domin Jamhuriyar Weimar ta gaji alƙalai da hafsoshi da ma'aikatan sarauta, har aka zaɓi Hindenburg, babban hafsan sarki, shugaban ƙasa a 1925. Sai dai ɗaukar littafin a matsayin cikakken madubin Jamusawa kuskure ne, domin yana mai da rushewar jamhuriyar tamkar ƙaddarar da ba makawa, alhali ta rayu shekara 14 da goyon bayan mutanen da littafin bai ba su baki ba. Gudummawarsa tabbatacciya ita ce bayanin yadda mutum ke miƙa wuya ta hanyar aron kalmomin mai iko, kuma ta wannan fuska ya cancanci ƙarin nazari daga masana harshe.