Ƙirgen tururuwa a gona: abin da tarko ke kamawa da abin da ke kufce masa

Manomi ya san tururuwa tun daga ranar da ta kwashe masa irin gero a ramin shuka. Mai bincike kuwa so yake ya san iri nawa ne a gonar, wanne ke cin tsutsa, wanne ke gadin ƙwarin da ke tsotse ganye. Amsar da zai samu tana rataye a wuyan dabarar da ya kama su da ita.

A shekarar 2000, Donat Agosti da abokan aikinsa suka fito da wani tsari da ya karɓu a duniya: layi mai tsawon mita 200, a tsaya a wurare 20, tazarar mita 10, a kwashi busasshen ganyen da ke ƙasa na murabba'in mita ɗaya, a rataye shi a wani buhu da ake kira Winkler na awa 48 har ƙwarin su gangaro cikin kwalba. Tsari ne mai kyau, amma don kurmi aka yi shi. Gonar gero da aka share, aka ƙone, aka yi wa huɗa, ina ganyen da za a kwasa?

Shi ya sa a gona tarkon rami ya fi tasiri: kofin roba da ake binnewa, bakinsa daidai da ƙasa, da ɗan ruwan sabulu ko barasar adana ƙwari. Yana da arha, yana aiki dare da rana. Sai dai yana son kai. Mai yawan yawo yake kamawa, wanda ke zaune a ƙarƙashin ƙasa ko bisa itace ya tsira. In rundunar kwarkwasa ta bi ta kansa, ko aka haƙa shi a bakin gidan tururuwa, kofi ɗaya zai cika da ɗaruruwa, lissafi ya karkace. A ganina, wanda ya tara jimillar ƙwari ya kira ta yawa ya yaudari kansa. Abin ƙirgawa shi ne a tarko nawa kowane iri ya bayyana. Sabuwar ƙasar da aka tona ma tana jan su, don haka masu lura kan rufe kofin na 'yan kwanaki kafin su buɗe.

Koto na kifin gwangwani ko zuma ya fi sauri, amma mafaɗata ke mamaye shi su kori saura, kuma abin da ya zo da hantsi ba shi ke zuwa da la'asar ba.

A gonakin mangwaro da kashu na Jamhuriyar Benin, inda jar tururuwar da ke ɗinke ganye ta yi gida take rage ɓarnar ƙudan 'ya'yan itace, kofin ƙasa bai da wani amfani. Can rassa ake dubawa ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga waɗanda hanyarta ta bi ta kansu, aikin da mai gona zai iya yi da idonsa.