Mr. India na Biyu: Agogon Muke Jira ko Mai Agogon?

Duk bayan 'yan watanni sai zancen ya sake tasowa. Wani ya turo hoto a WhatsApp, ga Anil Kapoor da 'yar hularsa da tsohuwar kwat ɗinsa, an rubuta "Mr. India 2" da manyan baƙaƙe, wai yana nan tafe. Wani kuma ya turo talla daga YouTube, wadda in ka duba da kyau za ka ga yanke-yanke ne aka harhaɗa daga finafinai daban-daban. Nan da nan teburin mai shayi ya ɗauka, shagon aski ya ɗauka. Dattawan da suka kalli na farkon a sinima ko a kaset, da samarin da suka tsince shi a waya, kowa da irin nasa hasashen. To jama'a, maganar gaskiya ita ce har yau babu wani Mr. India na biyu da ya fito. Kafin mu ci gaba da jiran gawon shanu, gara mu tsaya mu tambayi kanmu abin da muke jira ɗin.

Ga wanda bai gani ba, ko ya gani ya manta, fim ɗin ya fito a watan Mayun 1987. Shekhar Kapur ne ya ba da umarni, Boney Kapoor, yayan Anil, shi ya ɗauki nauyi, labarin kuma na Salim da Javed ne, marubutan nan da suka rubuta Sholay. Jarumin, Arun, talaka ne mai goga goge irin na Turawa, ya tara marayu wajen goma a wani tsohon gida a bakin teku, shi da kukunsa Calendar. Kuɗin haya ya taru masa, mai kanti ya daina ba shi bashi. Dole ta sa ya ba da hayar ɗakin sama ga wata 'yar jarida, Seema, wato Sridevi, wadda ba abin da ta tsana kamar hayaniyar yara. Can kuma a wani tsibiri akwai bos, Mogambo, wanda yaransa ke gurɓata abinci, suna fasa-ƙwaurin makamai, suna kuma son gidan marayun don ya zama ma'ajiyarsu. Ana cikin haka Arun ya sami wani abu mai kama da agogon hannu da mahaifinsa, masanin kimiyya, ya ƙera kafin a kashe shi. In ka ɗaura ka latsa, sai ka ɓace. Ba mai ganinka sai ta cikin jan gilashi ko jar fitila.

Mu Hausawa ba a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Layar zana ce aka sa mata batir. Wanda ya tashi yana jin labarin baduhu da masu ɓacewa in an ritsa su, ai agogon Arun ɗan gida ne a wurinsa. Shi ya sa in ana hirar fim ɗin, agogon ake fara ambata, sai Mogambo da gashinsa da zobbansa da yake ƙwanƙwasawa a hannun kujera, sai rawar Hawa Hawai. Amma in agogo ne kawai, finafinan mutum mai ɓacewa suna da yawa, Turawa sun yi tun 1933, Indiyawa ma sun yi nasu kafin wannan. Wa ke tuna su a majalisa yau?

Abin da ya riƙe Mr. India shekara da shekaru shi ne abin da Arun ya yi da ɓacewar. Ku tuna wurin da yaran suka kwana da yunwa, gidan ya yi tsit, har Seema da ke ƙorafin surutunsu ta kasa jure shirun, ta kawo musu abinci. Ku tuna wurin da Mr. India ya tarar da ɗaya daga cikin manyan yaran Mogambo ya baje a otal zai ci daɗi, ya tilasta masa tauna irin tsakuwar da suke zubawa a abincin talakawa, sannan ya ɗauke teburin ɗungurungum ya kai wa masu yunwa a bakin titi. Mutumin da ya sami ikon shiga ko'ina ba a gan shi ba, bai nufi banki ba, bai nufi fadar mulki ba. Ya nufi mai algus. Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa ya zauna tsintar tsakuwa, ko aka auna masa da mudun da aka bubbuge gindinsa, ko mai gida ya tsaya masa a ƙofa da sassafe a kan kuɗin haya, ya san wannan faɗan nasa ne.

Akwai kuma wani zurfi da marubutan suka saka ba tare da sun yi wa'azi a kai ba. Arun tun kafin ya sami agogo ba a ganinsa. Talaka ne, in ya shiga ofis ba mai ɗaga kai. Seema da ke zaune gida ɗaya da shi ta kamu da son Mr. India da ba ta taɓa gani ba, alhali mutumin da ke gabanta kullum ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai dako a kasuwa, ko mai gadi da ke buɗe ƙofa shekara goma maigidan bai san sunan garinsu ba. Fim ɗin ya ɗauki wannan rainin ya mayar da shi makami. A ƙarshe ma, da Mogambo ya gano sirrin ya kunna jajayen fitilu, agogon ya tashi daga aiki, Arun da jikinsa na talaka ya gama da shi. Wato fim ɗin da kansa ya gaya mana cewa mai agogon ya fi agogon.

Ba wai fim ɗin ba shi da aibu ba ne. Ya kusa awa uku, kuma akwai wuraren da aka ja su don kawai a ba da dariya. Tsibirin Mogambo da sojojinsa masu faɗawa tafkin guba in ya ba da umarni, wasan yara ne in ka kalle shi da idon yau. Waƙar nan ta cikin ruwan sama kuwa, duk wanda ya kalla da iyali ya san lokacin da ake neman rimot. Sannan mutuwar ƙaramar yarinyar nan Tina, da bom ɗin da aka ɓoye a kayan wasa ya kashe, an yi ta ne da gangan don a matse hawayen mai kallo. Sai dai ta yi aikinta: daga nan ne wasa ya ƙare, mai kallo ya san Mogambo ba abin dariya ba ne kawai.

To ina aka kwana a zancen na biyun? Boney Kapoor ya daɗe yana ɗaga maganar, ta taso ta kwanta. A halin nan mutuwa tana ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Amrish Puri, Mogambo ke nan, ya rasu a Janairun 2005. Sridevi ta rasu a Dubai a Fabrairun 2018. Satish Kaushik, wanda ya fito a Calendar, ya bi su a Maris ɗin 2023. A Fabrairun 2020 darakta Ali Abbas Zafar, mai Sultan da Tiger Zinda Hai, ya sanar cewa shi da kamfanin Zee Studios za su yi sabon Mr. India har kashi uku. Kafin a ce kwabo rigima ta tashi. Shekhar Kapur ya fito ya ce ba wanda ya tuntuɓe shi. Sonam Kapoor ta ce ba a shawarci mahaifinta Anil ba, ta kira abin rashin girmamawa. Javed Akhtar kuma ya tuna wa Shekhar cewa shi ne ya rubuta labarin ya miƙa masa. Ka ji rabon gado tun ba a ga dukiyar ba. Abin lura a nan, duk cikin wannan cacar bakin, a kan suna ake faɗa. Ba wanda ya fito ya ce ga labarin da yake ƙona masa zuciya yake son bayarwa.

Dalilin da ya sa sunan ke da tsada a bayyane yake. A 2023 aka fitar da Gadar 2, shekara 22 bayan na farko, ya tara sama da rupi biliyan 5 a Indiya kaɗai. Tun daga nan duk mai tsohon suna a aljihu ya fara kakkaɓe shi. Mu da muka saba da finafinanmu na Hausa a zamanin kaset mun san wannan kasuwar: na ɗaya ya karɓu, sai a yi na biyu, ko da labarin ya riga ya ƙare.

Mu duba yadda ta kaya da 'yan uwansa. Koi... Mil Gaya na 2003 labarin yaro ne mai raunin ƙwaƙwalwa da ake tsokana, ya yi abota da wani halitta daga sama, Jadu. Mutane sun yi kuka a fim ɗin nan. Aka zo Krrish a 2006, ɗansa ya sa takunkumi yana tsalle a kan benaye. Kafin a kai Krrish 3 a 2013, sai rushe gine-gine ake yi, ba ka san wa ke ciki ba, ba ka kuma damu ba. Haka Robot na Rajinikanth a 2010: abin da ya kama zuciya shi ne Chitti, mutum-mutumin da ya koyi so da kishi, har ya kwance kansa da kansa a ƙarshe. Da aka yi 2.0 a 2018, da kuɗin da ya sa shi cikin finafinan Indiya mafi tsada a lokacin, an sami labari mai kyau a hannu, na dattijon da ke kukan yadda tsuntsaye ke mutuwa. Sai aka mayar da mai gaskiyar ya zama dodo, aka ƙare da ƙarafa suna dukan ƙarafa a filin ƙwallo. Kuɗi ya ƙaru, ƙara ta ƙaru, mutum ya ragu.

Ana iya yi da kyau kuwa? Ana iyawa. A Amurka, Blade Runner ya fito a 1982 bai yi kasuwa ba, daga baya ya tara masoya na gani-kashe-ni. Bayan shekara 35, a 2017, Denis Villeneuve ya yi na biyunsa, Blade Runner 2049. Bai kwaikwayi na farko ba, ya kawo sabon jarumi, ya bar tsohon, Harrison Ford, sai can gaba ya bayyana, amma ya riƙe tambayar da ta haifi na farkon: mene ne ya sa mutum ya zama mutum? Masu sharhi sun yaba, ya ci kyautar Oscar biyu. Sai dai a sinima kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu yadda aka so ba. Nan ne matsalar take. Hanyar kirki tana da hatsari ga aljihun mai kuɗi, hanyar hayaniya kuwa ta fi tabbas. In aka bar wa masu lissafi zaɓi, mun san wadda za su bi.

Saboda haka ga ma'aunin da nake ganin ya kamata mu riƙe ranar da tallar gaskiya ta fito. Na farko, wa ke ɗaure da agogon? In attajiri ne mai ɗakin bincike a ƙarƙashin ƙasa, ko soja mai ƙirar ƙarfe, to an canza fim, sunan kawai aka ara. Yaran nan marayu sun girma, a zahiri ma biyu daga cikinsu sun yi suna: Aftab Shivdasani ya zama jarumi, Ahmed Khan ya zama darakta. Ɗaya daga cikin marayun Arun, yana fama da haya da kuɗin makaranta, shi ne magajin da ya dace. Na biyu, da wa yake faɗa? Mai algus bai mutu ba, sana'a ya faɗaɗa: jabun magani, bashin waya mai kunyata mutum a gaban danginsa, dillalin da ke tashin unguwa guda don a gina bene. Na uku, me ɓacewa ke nufi yau, da kyamara ke kowace kusurwa, waya kuma ke sanar da inda kake ko da ido bai gan ka ba? Marubucin da ya zauna ya yi tunani a kan wannan ya sami fim. Na huɗu, kada a nemo wani a sa masa gashin Mogambo. Rigar ta Amrish Puri ce, duk wanda ya sa za ta yi masa yawa.

Kada kuma a ruɗe mu da aikin kwamfuta. Dabarun na 1987 da kyamara da wayo aka yi su, kujera ta motsa, bulala ta tashi ita kaɗai, kofi ya ɗagu, mai kallo ya cika sauran da tunaninsa. Jarumin da ba a gani ba ya bukatar biliyoyi. Abin da yake bukata shi ne dalilin da zai sa mu damu da shi.

Mu nan Agege mun san yadda suna ke rayuwa bayan abin ya tafi. Kullum kwandasta na kiran Pen Cinema, an ma yi gada an sa mata sunan a 2021, amma wa ya shiga ya kalli fim a wurin a 'yan shekarun nan? Abin da nake ji wa Mr. India ke nan: ya zama sunan tasha, a yi ta lodin fasinja da shi. In masu shi suna da labarin talakan da za su ba mu, bismillah, za mu kalla, mu kira yara su ma su gani. In kuwa agogon kawai za su goge su sayar mana, to su bar shi a inda yake. Na farkon yana nan bai tsufa ba, kuma tsohuwar zuma da ita ake magani.