Darasin Tarihi Ya Dawo, Amma Taswirar Ba Ta Iso Hausari Ba

A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare, bayan ya yi fiye da shekara goma a ajiye. Madalla. Sai dai yadda ake koyar da shi akwai gyara, domin mafi yawa hadda ce kawai: Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, an sami 'yancin kai a 1960, jihohi 36, shi ke nan. A liƙa wa yaro taswirar Najeriya a bango, kamar haka aka halicci ƙasar da layukanta. Ba mai tambayar wa ya ja layin, kuma me ya sa.

Alhali kuwa amsar tana nan ƙofar gida. Rabeh ya ci Kukawa a 1893, ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Daga nan Ingila da Faransa da Jamus suka yi watandar ƙasar Borno. Dikwa ta faɗa hannun Jamusawa, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ta tabbata cikin Najeriya. Ita kanta Yerwa a 1907 aka kafa ta, lokacin da Shehu Garbai ya dawo kusa da barikin Turawa. Yaron da aka shimfiɗa wa taswirar Borno ta dā kusa da ta yau, ai da kansa zai gane dalilin da ya sa dangi ɗaya suke warwatse a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru.

Haka kayan tarihi. Kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a jihar Yobe ta yanzu, ya kai kimanin shekara 8,000, kuma shi ne mafi daɗewa da aka gano a Afirka. Yara nawa a unguwar nan suka taɓa ganin ko hotonsa? Ga gidan adana kayan tarihi a cikin garin nan, kuɗin Keke Napep kawai zai kai su. Gani ya kori ji.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi shafarmu mu Hausawa, wanda ake tsallakewa don gudun tada zaune tsaye. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu. Shehu Al-Kanemi ya tashi ya kare Borno, har ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello kan halaccin yaƙar Musulmi. Ɗan Bahaushe yana jin labarin ta fuskar Sakkwato, ɗan Babarbare yana ji ta fuskar Kukawa, ga su kuma a benci ɗaya. In malami bai kawo hujjojin ɓangarorin biyu cikin adalci ba, to fa a bakin titi za su koya, cikin gori da baƙar magana.

Ba sai an jira Abuja ba. Malam, ka sa yara su zana taswirar unguwa da hannunsu, daga masallaci zuwa Kasuwar Monday zuwa fadar Shehu. Iyaye, ku tura su wajen kakanni su tambayo: daga ina muka zo? Fatauci ne ya kawo mu, ko neman karatun Alƙur'ani, ko hanyar Makka ta ƙasa da ke bi ta Chadi da Sudan, ko jirgin ƙasan da ya iso a 1964? A fito da tsohon allo da tsofaffin takardun gida a nuna musu. Yaron da ya san yadda aka yi gidansu ya zauna a Borno zai girmama masu masaukinsa, kuma ba wanda zai sa shi jin kunyar asalinsa.