Masu Karatun Ƙarfe

A gidaje da dama na ƙasar Damagaram, daga Birni da Zango har garuruwa irin su Mirya da Zermu, akwai tsohuwar adaka wadda ba a cika buɗewa ba. A can ƙasanta, ƙarƙashin riguna da rawani, akan tarar da wani ɗan ƙunshi: ƙarafa biyu ko uku rataye da ƙyallaye da suka koɗe, wani lokaci tare da ɗan littafi mai rubutun Faransanci. In ka tambaya sai a ce maka lambobin Baba tsoho ne, na yaƙin Nasara. Wane yaƙi, a wace ƙasa, me ya yi har aka maƙala masa su? Nan zance ke tsayawa, don mai labarin ya riga mu gidan gaskiya.

Amma ƙarfen bai yi shiru ba. Akwai masu iya karanta shi kamar yadda malami ke karanta allo, kuma duk lokacin da na yi tunanin aikinsu sai girmansu ya ƙaru a idona.

Rabin wannan ilimi ba baƙo ba ne a wajenmu. Damagaram ta san azurfa tun zamanin ayarin Tarabulus. Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, a Zinder ya karɓi dalolin azurfa 1,000 a Janairun 1853, an ɓoye su cikin akwatunan sukari. Dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, mai nauyin giram 28, ta shiga hannun 'yan kasuwa da wuyan mata, kuma maƙeran fari sun san kukanta in aka ƙwanƙwasa ta: ta gaskiya tana ja da amo, ta jabu kuwa sai ta ce ƙas ta mutu. Wannan dala ita ce ke koyar da darasin farko. An yi ta buga ta fiye da shekara ɗari biyu, a Biyana da Landan da Faris da Bombai, amma kowace na ɗauke da shekara guda, 1780. Shekarar da ke jikin ƙarfe ba lalle ita ce shekarar da aka ƙera shi ba. Wanda bai riƙe wannan ba, kowane dillali zai iya yi masa sakiyar da ba ruwa.

Ɗauki lambar Faransa da ake kira Médaille militaire, mai ƙyalle rawaya da kore a gefe. An kafa ta a 1852, amma wadda sojojin yaƙin duniya na farko suka karɓa tana ɗauke da 1870, shekarar kafa jamhuriya ta uku. Mai gaggawa zai ce kakansa ya yi yaƙi a 1870. Masani zai ce a'a, wannan shekara tana nuna gwamnatin da ta ba da lambar ne kawai, sai mu duba sauran.

A kan Croix de guerre ne gwanintar ke fitowa fili. Gicciye ne na tagulla mai takubba biyu a sarƙe, an ƙirƙiro shi a Afrilun 1915. A bayansa akwai shekaru, 1914 da 1915, ko 1916, ko 1917, ko 1918, gwargwadon lokacin da aka buga shi. Ƙyallensa kore ne mai siraran layuka ja. Abin da masani ya fi zuba wa ido shi ne 'yan ƙananan abubuwan da aka soka a jikin ƙyallen. Tauraron tagulla na nufin an yabi sojan a gaban bataliyarsa ko birged. Na azurfa, a gaban rukunin da ya fi wannan girma. Mai ruwan zinariya ya ɗara su. In kuwa ɗan reshen ganye ne, to an ambaci sunansa a gaban rundunar yaƙi baki ɗaya. Kowane ɗaya rana ce da wani ɗan Damagaram ya tsaya inda wasu suka gudu. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an cire tsohon ƙyalle an sa sabo mai sheƙi don bikin salla. An zubar da shaidar, an riƙe ƙarfe.

Launi ma magana ne. Gicciyen yaƙin 1939 ƙyallensa ja ne da layukan kore. Gwamnatin Faransa ta Vichy ta sauya nata zuwa kore da baƙi. Nijar ta zauna ƙarƙashin Vichy har ƙarshen 1942, alhali Cadi maƙwabciya ta bi de Gaulle, abokin hamayyar Vichy, tun Agustan 1940. Don haka ƙyalle mai faɗin yatsa biyu zai iya gaya maka wace Faransa ce ta yaba wa mutumin.

Sai Médaille coloniale ta 1893, ta azurfa, mai ƙyalle shuɗi da fari, wadda ake soka wa 'yan sanduna masu sunan ƙasar da aka yi aiki: Sahara, Tchad, Maroc, Fezzan. A nan karatun ya kan yi nauyi a zuciya. Sandar da aka rubuta wa Mission Saharienne ta mutanen ayarin Foureau da Lamy ce, waɗanda suka sauka Zinder a Nuwamban 1899, 'yan watanni bayan karon Damagaram da Faransawa a Tirmini da faɗuwar Sarki Amadu Kuren Daga. Lambar yabo ce a hannun wanda ya karɓa, alamar cin ƙasarmu ce a idon ɗan Birni. Masanin kirki ba ya ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun. A jikin irin waɗannan lambobi yakan nemi wani ɗan hatimi mai siffar ƙaho, ƙarami kamar ƙwayar gero, wanda gidan buga kuɗi na Faris ke sawa tun 1880. Sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa.

Lambobin Jamus kuwa, su ne makarantar ƙoli ta wannan sana'a, saboda babu waɗanda aka fi yi wa jabu kamar su. Sojojin yankinmu sun kara da Jamusawa a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, Mora a 1916, sun kuma kara da su a Turai sau biyu, don haka in Gicciyen Ƙarfe ya fito daga wata adaka ba abin mamaki ba ne. Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na III ya kafa shi a Maris 1813, aka sabunta shi a 1870 da 1914 da 1939. Na 1914 yana da kambi a sama, harafin W a tsakiya, shekara a ƙasa. A bayan na daraja ta biyu an rubuta 1813, tarkon da ya kama mutane da yawa, suka ɗauka sun tsinci kayan zamanin Napoliyon, alhali an raba irinsa sama da miliyan 5 a yaƙin farko kaɗai.

Yadda ake ƙera shi ne ke tona asirin na ƙarya. Na ainihi yawanci gida uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya, da baki biyu na azurfa ko farin ƙarfe da aka rungume shi da su aka like. Masani zai kusantar da maganaɗisu ya ji ko cikin zai kama. Zai bi gefen da ido yana neman siririn layin haɗin. Zai ƙirga 'yan ƙwayoyin adon bakin, don na bugu suna fita tsaf, na zubi kuwa sukan narke cikin juna, da 'yan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Sannan ya juya zoben rataya ya nemi tambarin maƙera, haruffa irin KO ko sunan gida irin Godet na Balin. A yaƙi na biyu lambobin ƙidaya aka yi amfani da su, 65 na Klein da Quenzer, 4 na Steinhauer da Lück. Duk da haka ba ya yanke hukunci da shaida guda, don akwai na gaskiya masu cikin tagulla da maganaɗisu ba ya kamawa, akwai kuma na jabu masu tambari. Ya kuma san cewa lambar da Jamus ta tanadar wa sojojinta baƙaƙe daban ce, 'yar kewayayya ce mai suna Kriegerverdienstmedaille, saboda haka in aka ce masa Jamusawa ne suka rataya wa kaka gicciyen, zai saurara da ladabi, sannan ya nemi takarda.

Akwatin lamba shi ma da nasa karatu. Gicciye mai daraja ta ɗaya, wanda ake maƙalawa a ƙirji da allura, yakan zo cikin ɗan baƙin akwati mai zanen gicciye a murfi, karammiski a ƙasa, siliki a sama. Ana duba ko gurbin ya yi daidai da lambar, ko karammiskin ya kwanta a inda ƙarfen ya shekara yana danna shi, ko maɓallin buɗewa ya ci daidai da shekarunsa. Wasu har shinshinawa suke yi, don tsohon manne da sabo ba warinsu ɗaya ba. Sau da yawa akwati ya fi lambar wuyar samu, tunda soja lamba yake ratayawa, akwati kuwa yara ne ke wasa da shi.

Akwai iyakar da ƙarfe ba ya wucewa. Ingilishi sun buga suna da lambar soja a gefen lambobinsu na yaƙin farko, Faransawa da Jamusawa galibi ba su yi ba. Sunan kakanka yana cikin wancan ɗan littafin soja da ke ƙasan adaka, mai lambar ɗauka da bataliya da ranakun tafiya da dawowa. Da wannan lamba ake iya rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa. Shi ya sa in aka miƙa wa gwani ƙunshin, ba ya fara taɓa ƙarfen. Littafin yake fara buɗewa a hankali, da busasshen hannu, ya roƙi mutanen gida kada su goge lambobin da toka ko lemun tsami, kada kuma su raba su tsakanin magada ɗaya ɗaya. Daga nan ya jera su a kan farin ƙyalle, ya kira yaran gidan su matso kusa.